Makarantar Bayan Mota

Ban taɓa zama ajin boko ba.
A gindin gadar Agege na koyi baƙaƙe,
a tsugune, soso a hannu,
kumfa har gwiwa.

Sallau mai ɗaura lamba ne malamina,
tsoho mai noti biyu a baki, ɗaya a yatsu.
Ya ce, "Talle, daina wanke abin da ba ka san sunansa ba.
Haruffa ukun farko, gari ne.
Alƙaluma ukun tsakiya, kowa da rabonsa.
Biyun ƙarshe kuwa, bar wa mutanen ofis,
su ma da abin da suke ci."

GGE, mu ke nan.
KJA ta Ikeja, ba ta sauke gilashi ko don sallama.
MUS ta Mushin, ƙofa a lotse, direba da faɗa a aljihu.
APP kan zo da warin teku da baƙin mai,
sai an sa mata omo sau biyu.
BDG ta sha hanya, yashi cike da taya.

Sai launin rubutu.
Shuɗi, mai ita na tsaye a bayanka
yana nuna inda ka tsallake.
Ja, ta neman abinci ce, irina,
danfo ba ta jiran ruwa ya bushe.
Kore ta gwamnati, wanke da ladabi,
kuɗin sai gobe, goben da ba ta da rana.
Baƙi na masu kaki ne.
Wannan ba a ciniki.

Bayan rubutun akwai taswira, koriya, a koɗe,
ƙasar nan kaf a farantin da bai kai taƙi biyu ba.
In babu mai kallo
nakan ɗora yatsa a ƙasa, wajen ruwa,
in ja shi sama, in ratsa tsakanin alƙaluma,
in tsaya can inda nake zaton gidanmu yake.
A tirela kwana ne da yini.
A lamba, ko numfashi ban sauke ba na isa.

Wata Laraba, bayan ruwan dare,
aka kawo akori-kura, laka har hanci.
Na shafa lambar sau ɗaya.
F ta leƙo. T ta biyo ta. Sai A.
Funtuwa!
Na faɗa da ƙarfi, har mai shayi ya waigo.
Na wanke ta sau uku, farantin kawai,
na bi kowane harafi da gefen rigata,
ina jin ƙamshin auduga a cikin dizal.

Na je tagar direba, zuciya na gudu.
"Sannu da hanya. Ya mutan gida?
An yi ruwa? Dawa ta yi kai?"
Ya dube ni, ya dubi soson.
Sunansa Kolapo, ɗan Oshodi.
Ta hannu ya saye ta bara,
bai taɓa wuce Ilori ba.

Sallau ya yi dariya har noti ya faɗo.
"Lamba inda aka rubuta ka take faɗa, yaro,
ba inda kake kwana ba."

Shekara goma sha takwas ke nan.
Ɗana Ashiru a Agege aka yanke masa cibiya,
da Yarabanci yake mafarki,
da Hausa yake roƙona kuɗin makaranta.
In da ana ɗaura wa mutane lamba
ban san ukun da za a sa masa ba.
Nawa ma na fara shakka.

Ban karɓi kuɗin Kolapo ba ranar.
Ya yi ta mamaki.
Kafin ya tayar, na ga Sallau ya durƙusa a baya
da gwiwar nan tasa mai ciwo,
yana ɗaure notin hagu da ya saki,
don kada Funtuwa ta faɗi a titin Legas.