Tafinta Biyu a Tartu

Ƙarfe biyu da kwata na dare.
Ƙanƙara ta ɗinke bakin kogin Emajõgi,
ni kaɗai a hawa na uku na kamfanin madara,
da gahawar da ta huce tun sha ɗaya,
da sabar talatin da ɗaya masu jiran umarnina
kafin motocin Aksel su fita kwasar nono da asuba.

Na danna.
Layuka kore suka gangaro tiryan-tiryan,
sai ja ya tare hanya:
"Ba a sami laburaren ba. A girka shi, a sake."

A girka?
Ni da na girka shi jiya da hannuna,
cikin keɓaɓɓen ɗakin da na gina wa aikin
don kada kayansa su cakuɗe da na gida?

Na sake girkawa, inji ya ce yana nan.
Na sake dannawa, inji ya ce babu shi.
Baki ɗaya, zance biyu,
kuma ko kunya babu a fuskar gilashi.

Na zazzage kayan ɗakin ina ƙirgawa,
ga shi a layi na sha bakwai
har da lambarsa, yana kallona.
Na rushe ɗakin, na sake ɗora tubali.
Ja.
Na tsine wa Indrek a zuci,
wanda ya haɗa wannan tarko ya tsere Tampere,
bai bar mini ba sai takarda ɗaya
mai cewa "yana aiki a wajena."

Uku saura, Õie mai shara ta turo ƙofa
da bokitinta mai kukan taya.
"Merike, yau ma faɗa kike da akwati?"
Na ce abu ne na ajiye, ana ce mini ya ɓata.
Ta matse tsumma, ba ta ko ɗago ba.
"A benenmu na Annelinn Mart biyu ne,
na ƙasa da na sama, duk Kuusk.
Wata uku maganin mijina na zuwa wa na ƙasa.
Kowa na rantsuwa ya kai,
kuma ba wanda ya yi ƙarya."
Ta ja bokitinta ta wuce.

Na zauna shiru, fanka na huci.

Sai na ce wa inji: faɗi komai da ƙarfi,
kada ka taƙaita, wa ka aika?
Ya zubo zance kamar an fasa tulu,
can tsakiya ga adireshin:
Python ne, tabbas,
amma tsohon na zaure, tafintan gida,
wanda bai taɓa leƙa ɗakina ba,
bai san me na jibge ciki ba.
Nawa tafintan yana zaune kan kaya
tun jiya, ba wanda ya kira sunansa.
Kaza ce ta kwana kan dami,
kazar kuwa ni ce.

Layi ɗaya na rubuta,
cikakkiyar hanya, lungu-lungu har bakin ƙofa:
ga wanda za ka tambaya, ba wancan ba.

Kore. Kore. Kore.
Ta sha tara ta tsaya, cikinta ya cika da tsoffin rahotanni,
wannan ciwon na san maganinsa.

Biyar da minti goma,
fitilun motar farko suka share dusar titin Riia.
Na ɗauko takardar Indrek, na juya bayanta:
"Idan ya ce babu, kada ki yi gardama.
Tambayi wa ya tambaya."
Na manna ta jikin allo,
na wanke kofina,
na bar wa Õie rabin burodin kirfa a kan taga.