Hasken da Ba a Kallo

Tun ƙarshen Nuwamba rana ta ɗauke ƙafa daga Tromsø.
Na tashi daga aikin dare a asibiti,
na shigo gida, ƙanƙara na narkewa a takalmina,
na tarar ruwan Eilif ya yi kore shar
kamar miyar da aka manta a tukunya.

Lita ɗari uku na ruwan gishiri
ya bar mini a falo da ya tafi karatu Trondheim.
"Mama, abinci kawai, ɗan tsunkule, sau biyu."
Bai faɗa mini ruwa ma yana ciwo ba.
Shuɗin kifin da yake kira Kyaftin
ya fesar da fararen ɗigo a gefe,
yana goga jiki da dutse
kamar mai ƙaiƙayi inda hannu ba ya kai.

Shagon Oddvar na bayan tashar jiragen ruwa,
warin gishiri da jiƙaƙƙen kwali.
Ya jera mini bututu uku a kan tebur:
wat tara, sha takwas, talatin da shida.
A cikin kowanne, in ji shi, akwai kwan fitila
mai hasken da ke can bayan shunayya,
inda ido ke gajiya ya juyo.
"Kada ki kalle shi tsirara, Gunvor. Ido yake ci."

Dariya ta kama ni.
Wata biyu garin nan na roƙon haske,
ni kuma zan saya da kuɗina
in kulle shi a baƙin bututu.

Hannuna ya kai kan famfo mafi girma,
mai tura lita dubu uku a awa.
Haka na saba: abu ya lalace, a ƙara masa ƙarfi.
Oddvar ya sa yatsa ɗaya ya ture kwalin gefe.
"Wannan zai wuce da ruwa a guje,
ko gaisawa ba za su yi da fitilar ba.
Gansakuka za ta mutu, ruwa ya yi garau, ki ji daɗi.
Amma abin da ke cin kifin, fatarsa da kauri,
sai ya daɗe a gaban hasken."

Ya ɗauko ƙarami, bai fi dunƙulen hannu ba,
ya juya rasit, ya yi lissafi da fensir:
wat sha takwas, lita ɗari huɗu, kada ta wuce.
Ni da ke saita ƙarin ruwa ɗigo-ɗigo
a hannun tsofaffi kowane dare,
sai da mai sayar da kifi ya tuna mini.

"Sauran biyu," ya ce yana naɗe tiyo.
"Fitila ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu.
Abin da ke yawo a ruwa kaɗai take tarewa.
Shuɗin nan, ware shi, ki yi jinyarsa daban.
Kuma baɗi war haka ki canza kwan,
ko da kin ga yana ci.
Yana ci ɗin, amma ya daina aiki."
Na san mutane irin haka. Ban ce komai ba.

Sau biyu haɗin ya yi yoyo.
Tawul uku, zagi ɗaya, gwiwa a ƙasa.
Da na kunna, ƙarar ba ta kai ta firji ba.

Eilif ya kira ran Laraba,
yana tafe yana magana, iska na cinye rabi.
Na ce, "Zauna tukuna." Ya zauna.
Muka yi minti arba'in, har da shiru a ciki.

Kyaftin na kicin, kusa da butar shayi,
a ƙaramin tanki, yana hararata.
Ɗigon sun ragu. Ban ce sun tafi ba.
Yau da na dawo, ta cikin ruwan falo
na hango ƙusar da ke bangon baya,
da zanen jirgin da Eilif ya yi yana shekara bakwai.
Waje har yanzu duhu ne, ƙarfe sha ɗaya na safe.