Dusar Nuwamba

Bana ta riga mu zuwa Ushguli,
ba mu gama sauko da ciyawa ba.
Tsibi goma sha ɗaya na can sama,
shanu bakwai na nan ƙasa suna kallona.

Na saɓa igiya, na ce zan hau.
Kawu Bidzina bai hana ba,
shebur ya miƙo mini:
"Tona nan, sai ka ga ƙasa."

Taƙi biyu kacal.
Ɓawon sama ya yi tauri kamar katako,
iskar daren Talata ce ta daɓe shi.
Ta ƙasa kuwa, na damƙa, ta ƙi dunƙulewa,
ta zube ta tsakanin yatsu
kamar sukarin da Lamara ke zuba wa shayi.

"Ka gani? Rufi ne babu ginshiƙi.
Labarin zuciya a tambayi fuska,
amma ban da dutse."

Na ce ai ko gwiwa ba ta kai ba.
Ya ce wadda ta tafi da Guram
ita ma ba ta kai ba,
sai da ta taru a kwari.

Na ƙara taku ɗaya don taurin kai.
Gangaren ya yi wani nishi can ciki,
tsaga ta fita daga tsinin takalmina,
ta yi gaba a guje kamar baƙin zare.

Ba abin da ya zaftaro.
Har yau ba abin da ya zaftaro.
Mun ci bashin ciyawa a maƙwabta, da tsada.
Kullum da safe nakan ɗaga kai:
tsibi goma sha ɗaya da fararen huluna,
suna jira.
Igiyar tana rataye a bayan ƙofa.