Ƙugiyar Kawu Arzika

Bayan isha'i na ja shi da sanda.
Shekara huɗu ke nan
da yanar ido ta rufe masa Zamare,
amma ƙafarsa ta san hanyar ruwa.

Ni na ratayo sabuwar sandar fatsa
mai ƙarfen naɗi, daga kasuwar Yelwa,
kuɗin buhun gero na zuba a kanta.
Ya shafa ta sama da ƙasa, ya ce,
"Allah ya sa tarwada ta san tsada."
Na yi shiru, ba ni da bakin ramawa.

Shi kayansa a aljihu suke:
zare naɗe a totuwar masara,
dalmar tsohon batir da ya narka da kansa,
ƙugiya uku soke a bakin hula,
sai gwangwanin madara mai hanjin kaza
da ya kwana biyu yana ruɓewa.

Na toshe hanci. Ya ji, ya yi dariya.
"Wannan ɗoyin shi ne sallamarmu.
Tarwada ba ta cin abu don kyan gani,
a taɓo take kwana, can ƙasa,
da gashin baki take neman tuwonta.
Ni da ita yanzu sammakal,
kowa da lalube yake rayuwa."

Muka zauna gindin giyayya,
inda ruwa ke juyowa ya kwanta.
"Kar ka jefa tsakiya, can hanya ce.
Jefa gindin saiwa, nan ne ɗaki.
Soka hanjin sau uku, ɓoye tsinin,
bar ɗan wutsiya yana reto.
In ta taɓa kar ka fizga, ɗanɗano ne.
Ƙirga bakwai, bari ta juya da shi.
Mai gaggawa koto yake rabawa."

Na kunna tocila, ya ji ƙarar maɓallin.
"Kashe. Wa kake nema?"
Sauro ya ci rabonsa a wuyana.
Sau biyar ina jawo ƙugiya tsirara,
na shida na fito da kurungu
ɗan tafin hannu, yana gurnani
kamar wanda na ci wa bashi,
ya soke ni da ƙaya wajen cirewa.

Shi ko ya naɗa zaren a ɗan ali,
ya sunkuya, na ɗauka barci yake.
Sai da zakaran tsallake ya yi cara
na ga leɓensa yana motsi:
biyar, shida,
ya miƙe tsam, hannun na karkarwa.

"Ramboshi ne. Ji yadda yake nutso."
Ya sakar masa kamu uku, ya karɓe biyu,
ya sake saki, ya sake karɓa,
zaren na yanka masa fata bai ce uffan ba.
Na faɗa ruwa har ƙugu,
na cusa hannu a kunnen kifin,
santsinsa ya shafe min riga,
muka fito tudu ni da shi muna kokawa.

Kawu ya durƙusa zai zare ƙugiyarsa,
yatsansa ya ci karo da wata
a gefen baki, ta yi tsatsa,
da guntun zare tsawon ɗan yatsa.
Ya daɗe yana murza ƙullin.
"Biyu a daidai, na uku a baibai.
Duk Zamare ni kaɗai ke wannan ɗauri.
Daminar ƙarshe da nake gani ya tsinke min.
Na ga bayansa ranar, yana wucewa."

Na zaci zai ce in mayar da shi.
Ya ce, "Sa a buhu, Hakama mai banda
ta bi ni kuɗin sabulu tun sallah."
Ya goge tsohuwar ƙugiya a gwiwa,
ya soke ta a hula, suka cika huɗu.

Sandar jagora ta bi ruwa garin kokawa.
Na aza buhun a ka, yana ɗiga a ƙeyata.
Ya ce, "Miƙo min ƙarshen mai tsadar nan."
Na miƙa. Ya riƙe.
Haka muka hau gangare, gari na wayewa.