Faɗin Tulu

A cocinmu na Wusasa
maza dama, mata hagu,
tsakani 'yar hanya ce ta siminti.
Nan Barnaba ke tsayawa.

Tun yana shekara bakwai
yake buga tulun zumunta a cinyata,
hannunsa ya fi nawa sanin waƙa.
Yanzu gemu ya tsiro.
Dattijo Ishaku ya ce, "Kiɗan mata ne, ya isa haka."
Muka sunkuyar da kai,
har ni da na haife shi.

Jiya Lahadi waƙa ta tashi ba gindi,
tafi ya watse kamar tsakin kaji.
Sai Saratu makauniya ta waiwayo:
"Ina yaron nan?"
Ta muskuta, ta daddaɓa benci.

Wurin bai fi faɗin tulu ba.
Ni ma na matsa.