Kwanon Rufi Uku

A garinmu na bakin teku, a tsibirin Samar,
kowa ya san wanda ya kwance injin jirgin babana.
Nemesio ne, na bayan gidanmu,
wanda matarsa ke shanya a igiyarmu.
Ya sayar a Catbalogan, ya biya bashin caca,
ya dawo kai a ƙasa kamar mai neman allura.

Babana, Crisanto, bai kai ƙara ba.
Ya ɗauko tsohon filafilin kakana,
shekara biyu yana tuƙi da damtse,
kifin da yake kamawa bai kai rabin na da ba.
Tafin hannunsa ya yi kanta.
Zuciyar ma haka.

Ran Lahadi ya sauya benci a coci.
Ni ce a gefensa, ni na lura:
in an zo addu'ar da Yesu ya koyar
yakan bi ta tiryan-tiryan
har wurin da ake roƙon gafara
da mudun da mutum ya auna wa wasu.
Nan sai ya yi gum,
ya bar jama'a su haye,
ya tarar da su a wajen amin.

Sai guguwa ta taso daga teku cikin dare,
ta tumɓuke itatuwan kwakwa,
ta ɗauki jirage ta ajiye a kan titi.
Gari ya waye, gidan Nemesio ba hula.
Yara huɗu a ƙarƙashin tebur,
jaririya ta yi kuka har murya ta dushe.

Muna da kwanon rufi uku jingine a bayan madafa,
an saye su ɗaya bayan ɗaya
don ɗakin da aka ce za a gina mini.
Mamana, Perpetua, ba ta yi wa'azi ba.
Ta dafa shinkafar da ta fi ƙarfin cikinmu,
ta ɗora busasshen kifi, ta rufe da ganyen ayaba,
ta ajiye a bakin ƙofa, kusa da gudumar babana,
ta koma wanke-wankenta.

Ya daɗe yana kallon gudumar nan.
Ya fita, ya dawo. Ya sha ruwa a tsaye.
Can ya ce, Ɗauko ƙusa, ki biyo ni.
Na bi shi da tukunya a ka,
ina kallon ɗakina yana tafiya a bayansa,
raina a ɓace, ban ɓoye ba.

Nemesio ya buɗe baki, ba abin da ya fito.
Babana ya ce, Riƙe tsanin.
Iyakar maganarsu ke nan har rana ta yi tsaka,
ɗaya a sama yana bugawa,
ɗaya a ƙasa, ya ƙanƙame katako da hannu biyu
kamar ransa ne a kai.
Guduma ta kuskure, ta sami babban yatsa,
babana ya saki wata kalma da ba ta coci ba.
Yaran suka bushe da dariya, baki cike da shinkafa.

A hanyar gida na ce, Baba, shi ke nan ka yafe?
Ya tsotsi yatsan, ya ce,
Na yau dai na yafe.
Na gobe, sai goben ta zo in sake.

Injin bai dawo ba, har yau.
Ɗakina ya ƙara shekara uku a baki.
Amma Lahadin nan, da aka iso wurin,
na ji muryarsa, a shaƙe, a bayan ta kowa,
tana hayewa a hankali
kamar mai taka gadar gora da kaya a ka.