Gadon Baba a Maiwurno

Ƙafa ɗaya ta gadon Baba ta gaji,
shekara uku tana dogare da bulo.
In ka zauna ya yi nishi,
in ka juya ya yi tari kamar tsoho.
Angarib maƙwabta ke ce masa,
mu a gidanmu gado ne, kuma gado muka ci.

Attom kafinta ya leƙo ran Juma'a,
ya daki ƙafar da bakin takalmi.
"Hajja Kaltume, wannan ai itacen girki ne,
na ƙarfe ake yayi, har da fenti."
Na ce, "Shanye shayinka, Attom,
kada ya huce."

Na ja shi gindin darbejiya,
na sa wuƙa na yanke tsohuwar saƙa.
Kaba ta ruɓe, tana zuba kamar dusa.
Ga ƙwayar carbi ɗaya a lungu,
ga allurar da Inna ta nema har ta haƙura,
ga wani ƙulli a kusurwar kai
da farcena ya kasa kwancewa.
Hannun Baba ne. Na bar shi.

Kuɗin igiya ya fi ƙarfin lalitata,
amma buhunan sukari na Sinnar
sun taru a bayan ƙofa, babu aikin yi.
Muka tsefe su zare-zare,
Ummahani na riƙe da baki, ina murzawa a cinya,
dare uku, har fata ta yi ja,
fari da shuɗi suka auri juna,
rubutun buhun ya ɓace cikin murɗi.

Ƙafa kuwa, ƙotar fartanya ce,
bagaruwa mai taurin kai,
ta sha gumin kaka goma a gonar dawa.
Na auna da taƙi, na aro gizago,
na sassaƙa, na gwada, ta ƙi shiga,
na ƙara sara ɗaya, ta yi sako-sako.
Ban yi fushi ba.
Na fasa ɗan tsinke na cusa a gefe,
na jiƙa da ruwa, itace ya kumbura
ya kama ɗan'uwansa.

Saƙar farko abin dariya ce.
Dama ta yi tsauri, hagu ta saki jiki,
jikana Attayyib ya hau ya gangara tsakiya
kamar ƙwai a cikin ƙwarya.
Sauri ya haifi nawa.
Na warware aikin yini guda,
yatsuna na zogi, la'asar na wucewa,
na koma ƙirga: uku sama, uku ƙasa,
ja, danne da gwiwa, sake ja,
kamar yadda na gani ina yarinya
ban san ina koyo ba.

Daren Talata na shimfiɗa tabarma a kai,
na kwanta a tsakar gida.
Iska ta taso daga Nilu da ƙanshin laka,
injin ban ruwa na bugawa can nesa.
Na juya dama, shiru.
Na juya hagu, shiru.
Ashe tarin nan ne ke raka ni barci,
sai na miƙa hannu ta kusurwar kai
na lalubo ƙullin na riƙe.

Bulon ma bai yi ritaya ba,
yana ƙarƙashin randa, yana shan ɗigo,
har na'ana'a ta tsiro a gefensa.

Jiya da hantsi aka yi sallama.
Attom ne, da amalanke da jaki,
da wani tsohon gado mai ƙafa uku.
Bai kalle ni ba, ƙasa yake kallo.
"Na mahaifiyata ne," in ji shi.
"Buhu nawa ake tarawa?"